Amsa kan masu ba da kuɗin bincike game da baƙar fatar Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya wa ke ɗaukar nauyin cibiyoyin da ke bincike kan matsalolin baƙar fata a Amurka, kuma ko mai kuɗi ba ya juya akalarsu. Galibi gidauniyoyin attajirai ne, kuma shakkar taka tana da tushe.

Dubi Joint Center, wata cibiyar bincike kan al'amuran baƙar fata da ke Washington. An kafa ta a 1970 da tallafin Gidauniyar Ford, lokacin da baƙar fata suka fara cin zaɓe da yawa bayan dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta 1965. Sababbin magadan gari da 'yan majalisa suna buƙatar alƙaluma da horo. Cibiyar ce ta riƙa ƙidaya zaɓaɓɓun baƙar fata shekara da shekaru. Aiki ne mai albarka, ba na musu. Amma wajajen 2014 kuɗi ya yanke mata har ta kusa durƙushewa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ya faru tun kafin nan. Da Gidauniyar Carnegie ta so a yi babban nazari kan wariyar launin fata, sai ta tsallake masana baƙar fata irin su Du Bois, wanda ya daɗe yana wannan aiki a Jami'ar Atlanta da ɗan abin hannunsa, ta ɗauko Gunnar Myrdal, wani Bature masanin tattalin arziki, daga Suwidin. Ralph Bunche, shi ma masani baƙar fata, ya yi aiki ne a ƙarƙashin Myrdal. Binciken ya fito a 1944, Kotun Ƙoli ma ta ambace shi a hukuncinta na 1954 da ya haramta wariya a makarantun gwamnati.