Amsa: Za a iya mayar da Magana Jari Ce fim guda ɗaya?

Kana tambaya ko za a iya ɗaukar Magana Jari Ce a yi shi fim guda na awa biyu. Gaskiya a'a ɗan'uwa, mai dogon zango ya kamata a yi, kowane labari da fitowarsa. Littafin nan fa juzu'i 3 ne, kuma a na farkon ma duk dare aku sai ya tsare Musa ɗan Sarki da sabon labari har gari ya waye don kar ya fita, to in ka matse su a awa biyu wanne za ka ɗauka wanne za ka bari?

Amma sharaɗin shi ne akun nan ya fito da rai, in ya mutu komai ya mutu. Mun taɓa gwadawa da 'yan aji shida a firamaren da nake koyarwa, muka ɗinka wa wani yaro fukafukai da yadi muka yi masa baki da kwali, wallahi yaran ba su kalli sarki ba ba su kalli waziri ba, idonsu na kan akun, da ya ce zai ba da labari sai ajin ya yi tsit. Shi ya sa na fi son a yi katun, kuma a samo mai murya da ya iya zuba karin magana ba tare da ya tauna ba. Sannan kafin ka kashe ko sisi ka nemi izini a rubuce, Abubakar Imam a 1981 ya rasu, dokar Najeriya kuma shekara 70 take ba littafi kariya bayan rasuwar marubuci.