Tambaya da amsa: Zan je Liyon a Janairu, wace tashar siki za mu nufa da mota?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Garwa: Salamu alaikum. Allah ya nufa na samu biza, zan je Liyon ta Faransa tsakiyar Janairu wurin ƙanena da ke karatu can. Shi da abokansa biyu sun ce mu yi hayar mota mu hau dutse daga Juma'a zuwa Litinin, mu yi wasan zamiyar nan kan dusar ƙanƙara da suke ce ma siki. Ɗaya na cewa Chamonix, ɗaya na cewa Val Thorens, kuma duk cikinmu ba wanda ya taɓa yi, ni ƙanƙarar ma ban taɓa gani ba sai ta firij. Ni zan tuƙa, ni kuma zan biya mafi yawa. Ina ya kamata mu je?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Na yi shekara tara a Girenobul, birnin da ke gindin duwatsun nan, kafin na dawo Ngaundere, huɗu daga ciki duk lokacin sanyi ina aiki a shagon hayar kayan siki, toh irin ku na gani da yawa. Sunayen wuraren zan bar su yadda suke a allon hanya don ka iya buga su a waya.

Kar ku je ko ɗaya cikin biyun nan. Ku je Chamrousse.

Yaran sun zaɓi suna ne kawai, wanda in an sa hoto a WhatsApp kowa zai gane. Chamonix gari ne mai kyau wallahi, yana gindin babban dutsen Mont Blanc, nan aka yi gasar Olimfik ta sanyi ta farko a 1924, amma wuri ne na ƙwararru da masu hawan dutse. Garin na cikin kwari a mita 1035, wuraren zamiyar kuma a warwatse suke, wani can wani can, kullum da safe sai kun kwashi kaya kun shiga bas ko mota, kuma yawancin gangaren tsaye suke kamar bango. Val Thorens kuma tana mita 2300, ita ce tasha mafi tsawo a Turai, tana cikin yankin da ake kira 3 Vallées mai hanyoyin zamiya kilomita 600. Toh Alhaji kai da za ka wuni a fili ɗaya wanda bai fi filin Idi ba kana faɗuwa kana tashi, me za ka yi da kilomita 600? Kuɗinsu dai za ka biya. Katin hawa da suke ce ma forfe, a irin waɗannan manyan tashoshin na rana ɗaya ya haura Yuro 60, wato sama da sefa dubu 39 kan mutum ɗaya, ka lissafa mutum huɗu kwana biyu ko uku, ba a zo maganar ɗaki da kaya da malami ba.

Sannan akwai hanya, wadda ita ce ta fi damuna tunda kai ne a sitiyari. Na san ba za ka bar Liyon ba sai an sauko Juma'a, kuma a Janairu can ƙarfe biyar da 'yan mintuna rana ta faɗi. Liyon zuwa Val Thorens kusan kilomita 200 ne, kuma 37 na ƙarshe daga Moûtiers hawa ne zalla, kaga kenan ƙila duhu ya same ka kana hawa, kan hanyar da ba ka sani ba, ƙila ƙanƙara na zuba. Chamrousse kuwa kilomita 110 ne zuwa Girenobul kan babbar hanya, A43 sai A48, sai ka ƙara 30, daga Uriage hanya ta fara hawa. In kun tashi biyu da rabi, da yardar Allah kuna sauke kaya da sauran haske. Ka riƙe katin banki kusa, peyaj ɗinsu, wato kuɗin hanya, ba irin namu na ɗari biyar ba ne, tsakanin Liyon da Girenobul kaɗai ya haura Yuro 10.

Kuma kar yaran su ɗauka ƙaramin wuri ne na raini. A nan aka yi tseren gangara na Olimfik ɗin Girenobul a 1968, inda ɗan wasan Faransa Jean-Claude Killy ya kwashe zinare uku. Tashar kashi-kashi ce, akwai Recoin a mita 1650, akwai Roche Béranger a 1750, ƙololuwar kuma 2250. Ku nemi ɗaki a 1750, nan gangaren ya fi sauƙi, ɓangaren Recoin nan ne baƙar hanyar Casserousse take, wadda ba taku ba ce bana, ba taku ba ce baɗi. Launi huɗu suke sa wa hanyoyin: kore na 'yan koyo, shuɗi, ja, sai baƙi. In ranar Lahadi da yamma ka sauko kore tun daga sama ba ka faɗi ba, ka ci riba.

Tsawon wurin ne ya sa na zaɓe shi kan su Villard-de-Lans da Autrans da ke ɗaya gefen Girenobul. Su ma kusa ne, ga araha ga kyau, sai dai ƙauyukan na wajen mita 1000, kuma shekarun nan sanyi ba shi da alƙawari, sai ka je a Janairu ka tarar da ruwan sama da ciyawa. Duk tashar da kake dubawa ka fara kallon tsawon gindinta, inda filin 'yan koyo yake, ba na ƙololuwa ba, don ƙololuwar ba kai za ka je ba. Kwana uku kafin tafiya ƙanenka ya buɗe shafin tashar, suna da kamara da ke nuna wurin kai tsaye, gani ya kori ji. In ya ga ƙasa a fili, ku juya Alpe d'Huez, mita 1860, tana da faffaɗan fili na kore dab da garin kuma rana na haska ta sosai. Ta fi tsada, kuma kafin ka isa sai ka sha kwanar hanya har guda 21 daga garin Bourg-d'Oisans, kowace kwana da lambarta a allo.

Ka yi sa'ar lokaci. Tsakiyar Janairu an gama hutun Kirsimeti, ba a shiga hutun makaranta na Fabrairu ba, wanda ke kaiwa har farkon Maris. Cikin hutun nan masu ɗakuna ba sa ba da haya sai mako cikakke, Asabar zuwa Asabar, farashi ya hau, hanya ta cushe. A Janairu za ka samu mai yarda da kwana uku. Asabar da Lahadi dai za ku ga mutane don duk 'yan Girenobul nan suke hawowa, amma Litinin da safe wurin kamar naku ne, kar ku yi saurin tafiya.

Maganar mota yanzu. Permi ɗinka na tuƙi na Kamaru tunda da Faransanci yake kuma ziyara ka je, za ka iya tuƙi da shi, amma ka tambayi kamfanin hayar tun kafin ka biya, kuma za su riƙe kuɗin ajiya a katin banki mai sunan direba, ba sa karɓar tsabar kuɗi a hannu. Akwai doka tun 2021: daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a garuruwan duwatsu dole mota ta kasance da tayoyin sanyi huɗu, ko kuma sarƙar taya a but. Kar ka ɗauka motar haya na zuwa da su kai tsaye, sai ka nema, sau da yawa sai ka ƙara kuɗi. Kuma dan Allah, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni shekarata ta farko wani kamfani ya miƙo min sarƙa cikin jaka ban ko buɗe ba, sai da muka kai tsakiyar hawa jandarma suka tare kowa suka ce a ɗaura, na durƙusa cikin ƙanƙara da fitilar waya a baki, yatsuna sun mutu ban jin su, ina juya ƙarfen nan kamar mai warware igiyar guga, ashe ma ba girman tayar ba ce. Mun koma ƙasa mun kwana. Toh ranar Alhamis ku ɗaura ta sau biyu a wurin ajiye motoci a Liyon, a busasshiyar ƙasa, ka duba lambar taya ta yi daidai da ta jikin jakar, ka ajiye tsohuwar safar hannu tare da ita. A tayoyin da ke jan motar ake sa ta, yawancin ƙananan motoci na gaba ne, kuma da ita ba a wuce 50.

Tuƙin kansa, in ka taɓa sauko falez ɗin Ngaundere, gangaren dutsen nan, da mota cike da kaya ka san rabin karatun: ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, ba a kwanciya kan birki. Bambancin shi ne a can ƙasa na iya zama gilashi, musamman da sassafe a inuwar itatuwa, ba ka gani sai ka ji sitiyari ya yi sakayau. Ka bar tazara mai yawa, kar ka fizgi komai. In motar gazuwal ce ka cika tanki a Girenobul ko kusa da dutsen, don gazuwal na daskarewa in sanyi ya yi tsanani. Da dare ku ɗaga waifa daga jikin gilashi.

Abun da ba na so ka yi wa rowa shi ne malami. Yaran za su ce sun kalli bidiyo, kar ka saurare su. Akwai makarantar koyon siki da ake kira ESF a kusan kowace tasha, masu jajayen riguna, ku ɗauki malami ɗaya ku huɗu awa biyu ranar Asabar da safe, ku kama wuri tun kuna Liyon. Shi zai koya maku yadda ake haɗa bakin katakan siki biyu da ke ƙafarka a ware bayansu don a tsaya, da yadda ake faɗuwa ta gefe. Kuma kar ku sayi forfe na dukan tashar ranar farko, ku tambayi na 'yan koyo, ya fi araha nesa, sai malamin ya ce kun isa hawa kujerar igiya mai kai mutane saman dutse sannan.

A shagon haya za su tambaye ka tsawonka da nauyinka, ka faɗi gaskiya, da shi suke saita maƙallin da zai saki takalmin in ka faɗi, wanda ya rage kilo goma don kunya gwiwarsa ce za ta biya. Takalmin kuma roba ne mai tauri har ƙwauri, da ka sa za ka ji kamar an saka ka a mari, kana tafiya ƙwas ƙwas, haka yake. Safa ɗaya doguwa ta isa, mutanenmu sai su jera uku suna tsoron sanyi, jini ya kasa gudu ƙafar ta fi yin sanyi, kuma kar ka cusa ƙafar wando a ciki. Ka karɓi hular kwano. Riga da wando da safar hannu ba sai masu tsada ba, kantin kayan wasanni na Decathlon a Liyon ya wadatar, ko ƙanenka ya aro wurin abokai. Baƙin tabarau dole ne, hasken da ke dawowa daga ƙanƙara ya fi ranar Garwa ta Afrilu cin ido, leɓe kuma ka riƙa shafa man kaɗe kamar lokacin hunturu.

Lokacin sayen forfe za su ce ko kana son asirans, wato inshora, 'yan Yuro kaɗan ne a rana, ka ce eh. A Faransa in ka ji rauni kan hanyar zamiya aka sauko da kai, ba kyauta ba ne, ɗaruruwan Yuro ne, kuma asirans ɗin da ka yi don biza ba lallai ya ɗauki wasan dutse ba, ka karanta takardar.

Abinci, nan ma sai an kula. Abincin mutanen dutse ko da alade ko da giya: tartiflette akwai naman alade a ciki, diots ma haka, fondue da farar giya ake narka cukun, raclette kuma da yankakken alade ake kawo ta sai ka ce a cire. Shi ya sa nake cewa ku kama ɗaki mai kicin maimakon otal, ku yi cefane a unguwar Guillotière ta Liyon kafin ku tashi, mahautan halal sun cika unguwar, shinkafa, taliya, shayi, sukari, komai a sama ya fi tsada. Yaji ka taho da shi daga gida ba laifi, amma kilishi ka bar shi Garwa, an hana shiga Turai da nama cikin kaya kuma 'yan duwan, wato kwastam, za su karɓe. Azahar da la'asar kusa suke sosai a Janairu, in ɗakinku na bakin fili sai ku sauko tsakar rana ku ci abinci ku yi alwala da ruwan ɗumi, ba sai kana fama da takalmin nan a bayin jama'a ba.

In har yaran sun nace sai sun ga Mont Blanc, ku ware wata rana daban ku je Chamonix yawon ido, kilomita 220 ne daga Liyon, ku hau akwatin igiya zuwa ƙololuwar Aiguille du Midi a mita 3842 ku yi hotunanku, in ka ji jiri a sama ka zauna, ƙarancin iska ne. Ranar Litinin kuma ku mayar da kayan haya wajen ƙarfe biyu ku fara sauka da rana, ƙafarka za ta yi tsami bayan kwana biyu na zamiya, kuma ka sha man motar ka cika kafin ka mayar, in ba haka ba su cika da farashinsu su cire a katinka.