Allo mai lita nawa zan saya, kuma wane ƙyalle ne zai dace da shi?

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina wasan sululu a kan ruwa da allo mai ƙyallen iska. Nauyina kilo 75 ne, allon da na koya da shi kuma mai lita 180 ne (da lita ake auna girman allo). Na iya juyawa, na fara amfani da ɗamara mai ƙugiya da ake maƙalawa a sandar ƙyalle, amma idan iska ta ɗauke sai da igiya nake ɗago ƙyallen daga ruwa. Ina son in sayi allo mai lita 100 da ƙyalle mai murabba'in mita 7.5. Shin hakan ya yi?

Amsa: Malam, ban ba ka shawarar haka ba, domin allon ya yi maka ƙanƙanta, kuma ƙyallen ya fi ƙarfin allon.

Lita ɗaya ta girman allo tana ɗaukar kimanin kilo ɗaya a kan ruwa. Idan ka haɗa nauyinka da na allon kansa, wanda yakan kai kilo 8 zuwa 10, da na ƙyalle da sandunansa, wajen kilo 10, sannan da jiƙaƙƙiyar rigar ruwa, za ka ga lissafin ya doshi kilo 97. Ke nan allo mai lita 100 da ƙyar zai riƙe ka, kuma duk lokacin da ka miƙe za ka ja igiya ruwa zai rufe maka idon sawu. Irin wannan allo na wanda ya ƙware wajen barin iska ta ɗago shi daga cikin ruwa ne. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da iska za ta mutu kana nesa da gaɓa, domin a ranar girman allon ne zai dawo da kai.

Ka nemi mai lita 120 zuwa 130, mai faɗin santimita 70 zuwa 75. Faɗin nan kada ka raina shi, shi ne yake hana tangaɗi, yake kuma sa allo ya taso da wuri ya riƙa shafar saman ruwa, har ka sami natsuwar zura ƙafa cikin maɗaurai.

Shi kuwa ƙyalle, iskar wurin da kake wasa ce take yanke hukunci a kansa. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugun ƙyalle da shi yakan ninka huɗu, shi ya sa ƙyalle ɗaya ba ya wadatarwa. Ga mai nauyinka, na murabba'in mita 6.5 zuwa 7 zai yi aiki a iska mai gudun kilomita 25 zuwa 33 a awa, na murabba'in mita 5.5 kuma idan ta haura haka zuwa wajen 40. Masu ƙera allo sukan rubuta iyakar girman ƙyallen da kowane allo yake ɗauka, ka tsaya a tsakiyar wannan iyaka.

Kafin ka biya kuɗi, ka duba tsawon sandar tsaye da aka rubuta a jikin ƙyallen, sau da yawa santimita 430 ko 460 ce ga waɗannan girma, kuma idan ƙyallayen biyu suna hawa sanda ɗaya ka rage kashe kuɗi. Ƙegen da ke ƙarƙashin allo shi ma ya bi girman ƙyalle: kimanin santimita 38 zuwa 40 ga na murabba'in mita 7, domin idan ya gaza, bayan allon zai riƙa zamewa gefe da zarar ka fara gudu.