Tambaya da Amsa: An Shafa wa Gidajenmu Jan Fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. An mayar da unguwarmu wurin kasuwanci a sabuwar taswirar gari, ma'aikata sun zo sun shafa wa gidaje jan fenti, ana ta raɗe-raɗin rusau bayan damina. Yawancinmu gadon gidajen muka yi, ba mu da satifiket na gwamnati. Muna da abin cewa kuwa?
Mai karatu daga wata tsohuwar unguwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuna da shi ƙwarai. Sauya taswira daban, ƙwace fili daban, kuma jan fenti ba sanarwa ba ce a wurin doka. Dokar Amfani da Filaye ta Najeriya ta 1978, sashe na 28, ta ba gwamna ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a, ko idan mai fili ya karya sharuɗɗan da aka gindaya masa. Amma sai an rubuta sanarwa, jami'in da gwamna ya wakilta ya sa hannu, an kuma isar da ita ga mai gida.

Rashin satifiket kada ya karya muku gwiwa. Sashe na 34 ya ɗauki wanda ke da ginannen gida a birni tun kafin dokar ta fara aiki a Maris 1978 tamkar wanda gwamna ya ba haƙƙi. Hujja ake nema: takardar rabon gado ta kotu, tsohuwar takardar ciniki, rasit na haraji ko na wuta, da shaidar mai unguwa.

Inda abin yake da ciwo shi ne diyya. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasa. Gini ake biya, a kan abin da za a kashe a sake irinsa, sannan a zaftare kuɗin tsufa. Gidan ƙasa a tsakiyar birni, wanda filinsa kaɗai ya fi ginin daraja nesa ba kusa ba, sai a ba mai shi abin da ba zai sayi fuloti ko a bayan gari ba. Wannan ya sa muke ganin sabon matsuguni a madadin diyya, wanda sashe na 33 ya ambata, ya fi tsabar kuɗi. Ku karanta takardar da kyau dai: idan sabon wurin ya fi diyyarku tsada, ana iya mayar da rarar bashi a kanku ta hanyar yarjejeniya.

Tun yanzu ku rubuta kowane gida da sunan mai shi, yawan ɗakuna, rijiya da bishiyoyi, ku ɗauki hotuna ciki da waje. Ku yi karo-karo ku ɗauki lauya ɗaya da naku mai ƙiyasin kadarori, kada a auna gida mai shi ba ya nan. Ku kai takardar koke hukumar tsara birni da ma'aikatar filaye, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Lauya ya nemi umarnin dakatarwa kafin katafila ta iso. A Maroko da ke Legas, a Yulin 1990, kwana 7 kacal aka ba mutane kusan 300,000. A Otodo-Gbame kuwa, ita ma a Legas, an yi rusau a 2016 da 2017 duk da akwai umarnin kotu, don haka kada ku ajiye naku a aljihu: ku kai wa hukumar da 'yan sanda, ku ba 'yan jarida kwafi.

Abin da ya fi rusa irin wannan fafutuka shi ne a riƙa kiran mutane ɗai-ɗai suna sa hannu a ɓoye. Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa ba mai karɓar komai sai a gaban kwamiti, kuma kwamitin ya haɗa da mata da matasa.

Tambaya: Mu 'yan haya fa?

Amsa: Diyyar gini ta mai gida ce. Ku adana rasit ɗinku don karɓo ragowar kuɗin haya daga hannunsa, ku kuma matsa a sa sunayenku a jerin kwamiti, domin a nemo muku wa'adin tashi mai tsawo.