Amsa kan dabbar nan ta kogin Kamo

Wa alaikumus salam. Malam, ka sa hoton wata dabba mai faffaɗan kai da aka ɗauka a bakin kogin Kamo na birnin Kyoto a Japan, kana tambaya ko tsari ne, kuma yaya za a ce suna ƙarewa alhali ga su har cikin gari. Bari in tofa albarkacin bakina, don lokacin da nake karatu a Japan na sha bin masu bincikensu cikin rafi da dare.

Ba tsari ba ne, ba kuma kada ba. Salamanda ne, dangin kwaɗo, Japanawa na kiransa osanshouo. Babba kan kai mita ɗaya da rabi, kodayake yawancin waɗanda ake gani ba su kai mita ba.

A rafukan duwatsun lardin Tottori da ke yammacin Japan na fi ganinsu. Sai dare ya tsala ake shiga ruwa, da fitila a goshi, sanyi kamar ya cire maka ƙafa. Za ka iya haska shi ka wuce, don kwanciya yake a ƙasan ruwa ba motsi, kalarsa ta saje da duwatsu. Idanunsa 'yan mitsi-mitsi ne, fatar gefen cikinsa kuma duk ta tattare, ta nan yake shaƙar iska, shi ya sa ba ya jure ruwa mai ɗumi ko datti. Idan aka ɗaga shi sai ya fitar da wani farin yauƙi mai wari. Masu binciken kan kwantar da shi a rabin bututu su auna tsawonsa, su duba lambar da aka sa masa a ƙarƙashin fata, su mai da shi inda suka ɗauko shi. Ni dai riƙe fitila ne aikina, domin tun 1952 doka ta ba shi kariya ta musamman, ba a taɓa shi sai da izini. Ga shi da cizo, in ya kama yatsa ba ya saki da wuri.

To, batun ƙarewa. Ganin manya yana yaudarar mutane, saboda dabba ce mai shekaru, takan haura hamsin. Wajen ƙarshen Agusta suke hawa saman rafi neman rami a gaɓa, mace ta zuba ƙwai ɗaruruwa, namiji ya zauna gadi har su ƙyanƙyashe. Yanzu an shafe gaɓar koguna da yawa da kankare saboda ambaliya, an kuma gina ƙananan madatsu da ba sa iya hawa. Sai ka tarar da tsofaffi jibge a gindin madatsa shekara da shekaru, amma ba 'ya'ya. A wasu wurare an yi musu matakala da ramukan wucin gadi, sai dai abin bai taka kara ya karya ba.

Na hotonka kuwa, ina kyautata zaton ma ba tsantsar na Japan ba ne. A shekarun 1970 an shigo da na Sin domin nama, wasu suka shiga koguna suka yi barbara da na gida. Yau kusan duk wanda aka kama a Kamo ruwa biyu ne. A ganina wannan ya fi kankare muni, don ana iya fasa madatsa, amma jinin da ya gauraya ba ya rabuwa. A 2022 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta mai da na Japan sahun dabbobin da ke cikin haɗari.

A can Sin ɗin lamarin ya fi baci. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya zagaya wurare 97, guda 24 kacal aka samu a dawa, alhali gidajen kiwo cike suke da su don masu cin nama.

In kana so ka gan su da rana, gidan kifaye na Kyoto yana da su. In kuma ka ci karo da ɗaya a gaɓa bayan ruwan sama mai ƙarfi, kada ka tura shi cikin ruwa, ka kira ofishin birni, su za su zo su gwada ko wane iri ne.