Keken da za a kai Suda

Ka tambaye ni wace giya za ka sa wa keken tseren da aka kawo jiya, tunda mai shi ya ce garin Abha da ke kudancin Saudiyya zai kai shi ya hau dutsen Suda. Ku yaran yanzu, da kun kalli bidiyo a waya kun ga Turawa na hawan dutse, shi ke nan hankalinku ya tafi kan hawa. Tun da na buɗe warshar nan ta gyaran keke a Jidda ban ga wanda ya karye don ya kasa hawa ba, sauka yake yi ya tura abinsa. A gangare ake karyewa, ga shi ko birki ba ka ambata ba.

Giyar ai ba abin tambaya ba ce. Gaba 50 da 34, baya mai haƙora 11 zuwa 32, in mai jiki ne ka kai 34. Sai sabuwar kaca, don tsohuwar ba za ta isa ba. Yadda ake auna ta kuwa, in har yau sai na nuna maka, to zamanka a nan zaman banza ne.

Ka san inda zai je? Abha kanta ta haura mita 2,000 daga teku, Suda kuwa kusan 3,000, a cikin gandun Asir da gwamnati ta keɓe tun 1981. Wanda ya saba da kwaltar bakin tekun Jidda, numfashinsa zai gaya masa ya bar gida. Ga hazo da kan rufe hanya har ba ka ganin motar gabanka, ga birai da ke zama a bakin titi suna jiran masu jefa musu abinci.

Shekarun baya wani ya shigo mini nan, mai hali, da ƙafafun kabon da birkin roba mai matse bakin wili. Shi ma Suda za shi. Na zaunar da shi na ce kabon ba ya sakin zafi kamar alminiyon, zafin taruwa yake a bakin wilin har ƙaron da ya riƙe shi ya yi laushi. Na ce ya bar su a gida in ara masa ƙafafun alminiyon nawa, kyauta. Ya yi dariya, wai abokansa za su gan shi da ƙafar mai kai saƙon kantin unguwa. To, na ce aƙalla a sa robar birkin da aka yi don kabon. Da kuɗina na sayo ta, na ɗaura, na saita, ya ce in ya dawo ya biya. Na gaya masa baki da baki: ka matsa da ƙarfi kafin kwana, ka saki, ka bar wilin ya sha iska, kada ka riƙe.

Ya bi gangaren da ke sauka daga Suda zuwa Rijal Alma, kwana a kan kwana. Tsoro ya kama shi, ya damƙe birki tun daga sama bai saki ba. Bakin wilin gaba ya buɗe, taya ta fashe. Allah Ya rufa asiri bai faɗa rami ba, kafaɗa da cinya ne suka goge.

Sai ga shi da ɗan'uwansa, wai ni na cika iska fiye da kima. Na ɗora wilin a kan tebur, na kama yatsansa na bi da shi ta wurin da ya kumbura ya karkace. Na ciro robar, fuskarta ta ƙone ta yi santsi tana ƙyalli kamar gilashi. Iska ce ke ƙona roba? Ya kau da kai. Wanda suka tafi tare daga baya ya zo ya raɗa mini cewa tun daga nesa yake jin ƙaurin birkinsa, amma a gaban mutane ya ce bai ga komai ba.

Warshar da sunan kafili take, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini, ka sani. Kafilin ya kira ni ya ce ba ya son ƙara, in biya a wuce wurin. Riyal 4,000, yaro. Kuɗin kwanon rufin ɗakin mahaifiyata ne a Kano, na daɗe ina tara su, daminar nan da leda aka tare mata ruwa. Kuɗin robar ma har yau mai keken bai ba ni ba. Ranar Juma'a nakan hango shi a Kornish, titin bakin teku, da sababbin ƙafafu, yana ɗaga mini hannu. Ban yafe ba.

Keken jiya birkin faifai ne, ya fi jure zafi, amma kada ka saki jiki. Cire takalman birkin ka duba sauran namansu, in sun yi rabi ka canja, kada ka tsaya jin ta bakin mai shi. Faifan gaba ya zama mai faɗin milimita 160. Man birkin in ya tsufa ya yi zafi, hannun zai nutse har ƙasa ba kamu, don haka a zubar a sa sabo. Birkinsa na kamfanin Shimano ne, man mineral yake sha, ba DOT irin na mota ba. Ka haɗa su ka kashe robobin ciki, kuma daga albashinka zan cire. Kada ka taɓa faifan da hannun giris.

In ya zo ɗauka, duk abin da ka gaya masa game da gangare ka sake turawa ta WhatsApp da muryarka, ya amsa, ka ajiye. Ya sayi fitilar gaba da ta baya saboda hazo. Ya biya duka kafin keken ya fita ƙofa, ko ɗan uban wa ne. Kuma kada ka buɗe man birkin nan sai na dawo daga Azahar ina tsaye a kanka.