Dikodata ba ta da intanet, ta yaya ta san na biya kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Dikodata ta farantin satilayit ce, babu layin waya a cikinta, babu intanet. Amma da na biya kuɗin wata ta waya, ba a jimawa tashoshi sun buɗe. Tana kuma nuna agogo da jadawalin shirye-shiryen gobe. Wa yake faɗa mata? Ko dai tana kai labarin gidana ne ban sani ba? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, dikoda irin taka kunne gare ta, ba ta da baki. Farantinka karɓa kawai yake yi. Abin da ke faruwa shi ne, siginar da ke kawo maka hoto da murya tana ɗauke da wasu kaya a gefe waɗanda ido ba ya gani.

A tsarin DVB, wato ƙa'idar watsa talabijin na dijital, wanda aka kafa ƙungiyarsa a Turai a 1993, ana yanka komai ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bayit 188 (bayit ma'aunin bayanan kwamfuta ne) ba ƙari ba ragi. Kowanne yana da lamba a goshinsa, daga 0 zuwa 8191, kamar yadda ake rubuta suna a jikin buhu a tashar mota. Hoton wannan tasha da lambarsa, muryarta da tata, rubutun fassara na ƙasan allo da tasa. Dikoda na fara duba ƙunshi mai lamba 0, domin nan ne jerin tashoshin da ke cikin siginar yake. Jadawalin shirye-shirye yana zuwa a lamba 18, agogo kuma a lamba 20. Da satilayit, da eriya mai DVB-T2 irin wadda Nijeriya ta ƙaddamar a Jos a 2016, da talabijin na kebul, duk wannan tsarin ƙunshi suke bi. Yadda ake ɗora shi a kan sigina ne ya bambanta.

To, mu zo kan kuɗinka. Hoton tashoshin biya a kulle yake zuwa, kuma ana sauya makullin duk bayan ƴan daƙiƙoƙi. Da ka biya, kwamfutar kamfanin sai ta rubuta ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da lambar katin da ke cikin dikodarka ko ta dikodar kanta, ta cusa shi cikin siginar. Saƙon nan yana sauka a kan kowane faranti da ke ƙarƙashin tauraron ɗan'adam ɗin, na Zariya da na Maraɗi da na Kumasi, amma dikodarka ce kaɗai za ta gane da ita ake, kuma katinka ne kaɗai zai iya buɗe shi.

Kamfanin ba shi da hanyar sanin ko saƙon ya iso. Saboda haka sai ya yi irin ta mai shela: ya faɗa, ya zagaya, ya sake faɗa. Shi ya sa ake cewa ka bar dikoda a kunne lokacin biya. Idan babu wuta har aka daina maimaita naka, dole ka nemi a sake turowa, kuma ƙorafin "na biya ba a buɗe min ba" kan samo asali daga nan. Sabunta manhajar dikoda ma haka ne, ana ta juya fayil ɗin a iska, ita kuma tana tsintar guntayen har su cika. Idan ka ga tana wannan aiki, don Allah kada ka zare ta daga soket. Dikodoji da yawa sun mutu a nan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1974 BBC ke aika shafukan labarai na Ceefax cikin layukan hoto da ba sa fitowa a allo, har zuwa 2012. A dijital kuwa, idan babu abin aikawa sai a cike gurbi da ƙunshin banza mai lamba 8191, wanda a ganina asara ce, tunda fayil na iya hawa wurin. Wasu sun yi amfani da irin wannan dama: a 2016 aka fara wani shiri mai suna Toosheh, inda mutane a Iran ke naɗar wata tashar satilayit a filas, su buɗe a kwamfuta su tarar da littattafai da bidiyo.

Sai dai ka lura: duk wannan magana a kan dikoda marar intanet ce. Ranar da ka haɗa ta da Wi-Fi, ta samu hanyar mayar da magana, kuma tana iya sanar da kamfanin abin da kake kallo.